Kawu, a Duba Rataye Tukuna

Ranar walimar kammala digirin wata ƙanwarmu aka yi maganar. An ci an sha, mata sun shige ciki, mu kuma muna kan tabarma a ƙofar gida muna jiran kiran Isha'i, sai aka fito da kundinta ana zagayawa da shi hannu-hannu. Bango mai tauri, an rubuta sunanta da ruwan zinare, ga sunan sashe ga na jami'a. Da ya iso hannun Kawu, tsohon hedimasta da ya yi shekara talatin da biyar yana shan ƙurar alli, sai ya auna nauyinsa a tafin hannu kamar mai tayin doya. Bai ko buɗe ba ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma don Allah ku daina wahalar da yara. Wannan abin da kuke kira furojet, wa ya taɓa karanta shi? Yaron da jiya-jiya ya bar sakandare, wane bincike zai yi? Bincike sai dakta, sai farfesa. Wannan cika sharaɗi ne kawai, ƙarshensa wurin mai ƙosai."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Ban tanka ba, don ba a ja-in-ja da Kawu a gaban yara. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Iyayen da ke biyan kuɗin bugu da ɗaurin bango haka suke gani. Ɗalibai da yawa haka suke gani. Abin da ya fi ciwo, akwai malaman jami'a da za su faɗa maka hakan idan kun keɓe. Ɗalibin kimiyya dai akan yi masa kara, tunda an gan shi da farar riga yana shiga ɗakin gwaji. Amma ɗan Tsangayar Fasaha, wanda ya karanta Hausa ko Tarihi ko Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci, shi kam an riga an yanke masa hukunci: tatsuniya ya ɗaure a bango.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya san shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar jami'o'inmu, inda ake sayar da kundi kammalalle, sai dai a cire sunan wani gari a sa wani. Kowa ya san malami ɗaya kan riƙe ɗaliban da ko sunayensu bai gama sani ba, balle ya karanta babi biyar na kowannensu da jan biro. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas, kuma da aka dawo, aikin da ya kamata a yi cikin zango biyu a guje aka yi shi. Ni da idona na bi wani kuskuren rubutu a sunan wani marubuci, na same shi a kundi uku na shekaru daban-daban, kowane ya gada daga na gabansa kamar gona. Yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta wa mutum babi guda kafin shayinsa ya huce. Duk wannan na yarda da shi, kuma da a ce nan maganar Kawu ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

Inda muka rabu shi ne cewar da ya yi ɗalibin digirin farko ba shi da abin da zai ƙara wa ilimi. A nan ina roƙon Kawu ya yi mini haƙuri mu leƙa Fanisau.

Fanisau gari ne arewa da birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yanzu. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da shi ribaɗi, kuma gandayen sarki da na manyan attajirai suka kewaye shi, bayi na noma su. A 1975 wani ɗalibin Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Yusufu Yunusa, ya ɗauki rikoda ya shiga Fanisau da cikin birnin Kano yana zama da tsofaffi. Yana cikin ɗaliban da suka yi aikin tattara tarihin tattalin arziki da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka jagoranta lokacin suna Zariya. Ya tambayi dattawan yadda rayuwar gandu take: yadda ake fita aiki da yadda ake tashi, wa ke tsaye a kan bayi, yadda bawa ke biyan murgu don a bar shi ya yi sana'ar kansa, yadda ake fansa. A 1976 ya miƙa kundinsa na digirin farko a kan bauta a Kano a ƙarni na 19.

Sai mu yi lissafi irin na hedimasta. Turawa sun ci Kano a 1903. Yaron da ke da shekara goma a ranar, a 1975 yana da tamanin da biyu. Ke nan Yunusa ya riski sahu na ƙarshe na waɗanda suka ga abin da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayen da suka yi rayuwar. Da ya ce bari sai ya zama dakta tukuna, da ƙaburbura zai tarar. To me ya biyo baya? Lovejoy da Hogendorn sun yi amfani da hirarrakin wannan aiki a littafinsu na 1993 a kan yadda bauta ta yi ta jan ƙafa a Arewacin Nijeriya daga 1897 har zuwa 1936. Hirar da Yunusa ya yi da Sallama Dako, ɗaya daga cikin manyan bayin Sarkin Kano masu sarauta, an fassara ta an buga a wata mujallar tarihi ta ƙasar waje a 2001. Mohammed Bashir Salau, malami a wata jami'a a Amurka, ya fitar da littafi sukutum a kan gandayen Fanisau a 2011, kuma hirarrakin Yunusa ne ginshiƙinsa. Shekara talatin da shida bayan wani yaro ya zauna a zaure da rikoda, farfesoshi a Kanada da Amurka suna cin abinci da abin da ya kwaso. Wannan kundi bai je wurin mai ƙosai ba.

Za a ce ai wannan ɗaya ne cikin dubu. To, a buɗe manazartar kowane babban littafi na nazarin waƙar baka ko al'adun Hausawa. Littafin da Graham Furniss na Jami'ar Landan ya fitar a 1996 a kan adabin Hausa misali ne: manazartarsa cike take da kundayen ɗaliban jami'o'in Arewa da ba a taɓa bugawa ba, har da na digirin farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manyan mawaƙa suna da masu kula da su. Mamman Shata tun yana raye Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Amurka a 1975, kuma bayan rasuwarsa a 1999 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta tarihinsa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos ba za su ɓata ba, in Allah ya so, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ire-irensa sun tsaya musu. Amma makaɗin noma na ƙauyenku fa? Mai kalangun mahauta a kasuwar garinku? 'Yan gambara da 'yan kama? Tsohuwar da ke jan amada a bikin unguwa ba ta taɓa shiga gidan rediyo ba? Babu farfesan da zai tashi takanas ya bi su duka, ba don raini ba, don ba zai iya ba. Idan an taɓa rubuta sunansu a takarda, to mafi yawan lokaci wani ɗan aji huɗu ne da ya rasa abin da zai yi furojet a kai, ya tuna da mutumin garinsu.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Amma akwai ƙofar da yaro ke shigewa babba ya tsaya a zaure yana sallama. Wannan shi ne abin da masu ra'ayin Kawu ba su sa a lissafi ba. Farfesa namiji, komai yawan digirinsa, ba ya wuce soro a gidan kulle. 'Yar gidan kuwa tana zaune a bakin murhu. Ɗan marina ya san sunan kowane mataki daga jiƙa baba zuwa bugu, ya san katsi da warinsa, abin da baƙo zai yi wata shida yana tambaya ana ba shi rabi. Ɗan Sakkwato yana jin abin da kunnen Bakano ba ya kamawa a Sakkwatanci, haka ɗan Azare da Guddiranci. Kuma dattijo kan faɗa wa jikansa abin da ba zai faɗa wa baƙo mai mota ba.

Na taɓa taya wata ɗaliba duba aikinta, ba ni ne sufabaizanta ba, 'yar maƙwabta ce ta kawo mini don in gyara mata ƙa'idar rubutu. A kan waƙoƙin daka da na niƙa na matan ƙauyensu ta yi. Babi na ɗaya da na biyu ba su da wani armashi, gaskiya. Dalilin bincike, farfajiyar bincike, bitar ayyukan da suka gabata, duk irin wanda ka karanta ɗaya ka karanta ɗari. Babin nazarin ma ta yi ta cusa ra'in wani Bature da ita kanta ba ta fahimce shi ba, don an ce mata sai da ra'i. Har na fara hamma. Sai na kai rataye.

Waƙa ashirin da wani abu, kowace da sunan wadda ta rera, da kimanin shekarunta, da unguwarsu, da ranar da aka ɗauka. Ta ba ni labarin yadda ta same su. Matan sun ƙi rerawa a zaune, suka ce waƙar ba ta zuwa sai da taɓarya a hannu, kuma yanzu kowa inji yake kai hatsinsa. Dole ta sayi gero kwano biyu, aka jiƙa, aka fito da turmi, ta jingina wayarta a jikin tukunya. Saboda haka rabin abin da ta ɗauka ƙarar lugude ce da dariya da kukan akuya. Waƙar minti biyar takan cinye mata dare guda: ta saurara, ta tsayar, ta rubuta, ta mayar baya. Inda kalma ta shige mata duhu sai ta koma wurin kakarta. Akwai kalmomi uku da ta ja wa layi ta ce ta duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ba ta gan su ba. Na duba da kaina, ban gan su ba ni ma. A ƙasan wata waƙa kuma ta rubuta cewa matan sun yi gardama a kan ko habaici ce ga kishiya ko ga uwar miji, ta kawo hujjar kowane ɓangare, ba ta zaɓi ɗaya ba. Kakar ta rasu kafin yarinyar ta gama bautar ƙasa.

Maki nawa aka ba ta, ban sani ba, kuma ina zargin mai ba da makin a babi na huɗu ya tsaya. Wannan ita ce matsalar. Mun saba auna kundin digirin farko da inda ya fi rauni, wato nazari, mu tsallake inda ya fi ƙarfi. Ɗan shekara ashirin da biyu ba zai zo da sabon ra'in adabi ba, ba wanda ya ce zai zo da shi. Amma nazari mai rauni ana iya sake shi bayan shekara hamsin, wani ya zo ya yi wanda ya fi shi. Muryar da ba a ɗauka ba kuwa ta tafi ke nan.

Na san abin da wani malami zai ce: tattarawa daban, bincike daban, wannan ai ɗan aike ne. Ban yarda ba, kuma hujjata daga gida take. Wanda ya je tarihin garinsu zai tarar fada na da nata labarin kafuwar gari, unguwar maƙera na da nata, Fulanin gefen gari na da nasu. Limami zai ce wane ne ya fara sara, sarkin noma ya ce a'a, ya tarar da mutane. Sanin wa za a tambaya, da gane cewa mai ba da labarin yana da abin da yake karewa, da ajiye ruwayoyi biyu kafaɗa da kafaɗa ba tare da murɗe ɗaya ba, da rubuta daga wa aka ji, a ina, yaushe, ai wannan shi ne ainihin aikin. Malamanmu na zaure sun san darajar isnadi tun kafin a kafa jami'a a ƙasar nan. Wanda ya koyi wannan a aji huɗu ya koyi abin da zai yi masa amfani ko alƙali ya zama, ko ɗan jarida, ko mai unguwa.

Akwai kuma abin da mutane ke kallo a juye. Ana ganin ɗan kimiyya ne mai binciken gaske, ɗan fasaha mai zuba. Amma a halin da jami'o'inmu ke ciki, ɗalibin kemistare na buƙatar sinadarai da na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa kafin ya gano wani abin da duniya ba ta sani ba, kuma sau da yawa ba ya samunsu, ba laifinsa ba ne. Ɗalibin Tarihi ko Hausa kuwa, waya yake buƙata, da kuɗin mota, da goron gaisuwa, da ladabin durƙusawa. Ɗan Larabci na iya samun rubutun hannu na kakan-kakansa a cikin gafaka, na Larabci ko na ajami, wanda ba ya cikin kundin kowane ɗakin adana takardu, ya kwafe shi, ya yi masa tahƙiƙi. Da wannan ɗan jarin zai iya kawo abin da babu shi a ko'ina a duniya sai wurinsa. Fannonin da ake rainawa su ne inda ƙaramin ɗalibi ya fi samun damar yin aikin da ba a taɓa yi ba.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno waɗanda yau ba kowa a cikinsu, mutanen sun watsu a garuruwa da sansanonin gudun hijira. Kasuwar da ke ci duk mako ta mutu, dattawan da suka san iyakar gonaki da jerin masu sarauta wasu sun rasu a hanya. Kundin da wani ya rubuta shekara talatin da suka wuce a kan tarihin irin wannan gari, wanda a lokacin aka ba shi maki a wuce wurin, yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa an taɓa zama a nan.

To ina kundayen suke? A nan kam hasashen Kawu ya kusa cika, amma ba ta dalilin da ya kawo ba. Na taɓa neman wani tsohon kundi a wani sashe, aka yi ta neman makulli har kwana biyu. Da aka buɗe ɗakin, ga su nan jibge tun daga ƙasa har kusa da silin, ba jeri ba lamba. Rufin na yoyo ta kusurwa ɗaya, na ƙasa sun manne da juna sun zama kamar tubali, gara ta yi hanya a cikin wasu. Na ɗaga ɗaya, bugun tafireta na shekarun 1980, a kan sana'ar dukanci a wani gari, shafukan ratayen suka zube a hannuna. Kasakasan da aka ɗauki hirarrakin kuwa ba wanda ya san inda suke, don ba a taɓa cewa ɗalibi ya miƙa su ba. Yaran sun yi nasu. Mu ne ba mu yi namu ba.

Shi ya sa nake ganin ra'ayin nan ba bayanin cutar kaɗai yake yi ba, yana cikin masu haddasa ta. Ka gaya wa yaro tun yana aji ɗaya cewa ba mai karanta abin da zai rubuta, sannan ka yi mamaki don ya nufi shagon bakin ƙofa? Malamin da ya yarda aikin banza ne, shi ne zai amince wa ɗalibi na arba'in ya sake nazarin jigo da salo a Magana Jari Ce, don ya fi sauƙin dubawa. Littafin Abubakar Imam bai yi laifin komai ba, amma an tatse shi, kuma irin wannan batu ne manhaja ke rubutawa cikin minti biyu. Da malamin zai tambayi yaron, "Kai ɗan ina ne? Mece ce sana'ar gidanku? Wa ya fi kowa tsufa a unguwarku?" da batun ya fito da kansa. A ce masa ya kawo muryar da ya ɗauka tare da kundin, a saurari ko minti biyar ce a ranar kare aiki. Mai shago ba ya sayar da muryar kakar wani. A sa wa rataye maki mai tsoka. A ɗauki hoton tsofaffin kundayen a zuba a kwamfuta, ko da ratayen kawai aka fara da shi. Ba kuɗi mai yawa ba ne, bai kai na fentin ƙofar jami'a ba.

Bayan walimar da kamar mako biyu na je gaishe da Kawu. Na tarar da shi a zaure da carbi, hira ta ja mu har zuwa shigarsa elementare. Ya ba ni labarin yadda dagaci ya aiko a kama yara don makarantar boko, yadda aka ɓoye wasu a rumbu, yadda uwarsa ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba kamar an yi mata mutuwa. Ya lissafa mini malamansu ɗaya bayan ɗaya, da garin kowanne, da wanda ke duka da wanda ba ya duka, da yadda suke rubutu a ƙasa da yatsa kafin a ba su allo. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, wannan duk akwai inda aka rubuta shi?" Ya ce wa zai rubuta, ai 'yan ajinsu saura su biyu, ɗayan ma ba ya ji sosai. Na ce akwai wani yaro a unguwarmu ɗan aji huɗu a Sashen Tarihi, har yanzu bai sami abin da zai yi furojet a kai ba.

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Ni dai har yanzu ban ce bincike ba ne. Amma turo shi. Ka ce masa ya zo da hantsi, kafin rana ta yi zafi, kuma ya zo da biro mai kyau, don ba na maimaita magana."